Zazzaɓin Lassa Ne Sanadin Rasuwar Hajiya Zakiyya Maishanu, Kuma Muna Neman Inna Hajaratu

Cikin alhini mai nauyi, wanda ɓacin rai ya biyo bayansa, Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya na Kamfanoni Masu Zaman Kansu, reshen Jalingo, a ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Hajiya Bilkisu Hamman, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayen ƙungiyar kuma tsohuwar Mataimakiyar Shugabarta, Hajiya Zakiyya Mahadi Maishanu, ma'aikaciyar jinya kuma ƙwararriyar ungozoma, wadda Allah Ya yi wa rasuwa da safiyar Alhamis ɗin da ta gabata a wani asibiti mai zaman kansa da ke nan Jalingo, aka kuma yi mata sallah bayan Azahar a ƙofar gidan maigidanta da ke unguwar Majidaɗi, aka kai ta makwancinta kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a da dama sun tambaye mu dalilin da ya sa wannan ta'aziyya ta yi jinkiri, alhali marigayiyar tamu ce. Amsar ita ce mun tsaya tabbatar da abin da za mu faɗa. An saba a irin wannan sanarwa a rubuta cewa mamaci ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, a rufe maganar a nan, kuma al'ada ce mai kyau wadda ke suturta mamaci da iyalinsa. Mu kanmu mun sha rubuta hakan. A wannan karon ba za mu rubuta ba. Da izinin maigidanta, Alhaji Mahadi Maishanu, da na 'ya'yanta, muna sanar da al'ummar Jalingo da kewaye cewa zazzaɓin Lassa ne sanadin rasuwar Hajiya Zakiyya, kuma gwajin jini ya tabbatar da haka. Muna faɗa ne domin mata uku ne suka yi mata wanka da hannuwansu, ba tare da wani ya gaya musu abin da suke taɓawa ba. Biyu daga cikinsu suna hannun jami'an lafiya, ana lura da su. Ta ukun, Inna Hajaratu, dattijuwar da ta daɗe tana yi wa matan Majidaɗi wankan gawa, ta bar gari washegarin jana'izar, kuma har zuwa lokacin da aka sa hannu a wannan sanarwa ba a same ta ba.

Kafin mu zo ga yadda hakan ta faru, haƙƙin marigayiyar ne a kanmu mu faɗi ko wace ce ita. An haifi Hajiya Zakiyya a nan Jalingo, a gidan Zazzagawa masu sana'ar ɗinki, wanda kakanninta suka kafa tun garin yana ƙarami. Ta yi karatun jinya da na ungozoma, ta yi aikin gwamnati shekaru masu yawa a ɗakunan haihuwa, har ta kai matsayin da ake kiranta Matiron, sunan da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Da ta yi ritaya, a lokacin da takwarorinta ke buɗe shagunan magani a bakin titi ko su zauna rainon jikoki, sai ta karɓi aiki da kamfanin Garkuwar Karkara, wanda ke kai asibitin tafi-da-gidanka zuwa ƙauyuka da rugage da ke nesa da kwalta. Maigidanta, wanda Bakano ne mai sayar da yadi a Kasuwar Jalingo, ya sha tsokanarta a gaban baƙi cewa ya auri Bazazzagiya don ta zauna ta ba shi labari, sai ga shi babur ya ƙwace masa ita. Ita kuwa takan ce masa ai Bakano da ya samu kasuwa ba ya lura ko matarsa na gida. Waɗanda suka san gidan sun san cewa shi ne yake kai ta ofis kowace safiya, ya kuma jira ta da yamma.

A ƙauyukan da ke bayan duwatsun Kona, da rugagen da ke kan hanyar Sunkani, da tungayen masunta da ke gefen Lau, an san ta da abu guda: ba ta jiran mace mai ciki ta zo wurinta. Ta lura tun farko cewa matan ruga ba za su bar tallan nono su zo awon ciki ba, don haka ta mayar da ranar awo ta zama ranar kasuwa, ta riƙa kafa rumfarta kusa da inda suke ajiye ƙwaryar nono, mace ta sayar da rabin kayanta, ta leƙo a auna ta, ta koma ta ƙarasa. Ta koyi Fulatanci tana da furfura. Matan sukan kwashe da dariya idan ta yi magana, su ce Dada Zakiyya, wato uwa Zakiyya, tana Fulatanci kamar mai tauna goro, ita kuma ta ce musu su yi ta dariya, in dai za su miƙo hannu a yi allura. Ta koyi gaisuwar Mumuye da ta mutanen Kona gwargwadon abin da zai sa tsohuwa ta saki jiki ta ba ta kujera. Ba mu da adadin jariran da suka faɗo a hannunta, kuma ba za mu ƙirƙiro ba. Abin da muka sani shi ne akwai 'yan mata da ake kira Zakiyya a gidajen da ba a taɓa jin sunan ba kafin zuwanta, har da gidajen Kirista.

A cikin ƙungiyarmu, ita ce ta tsaya kai da fata sai da aka karɓi ƙananan ma'aikata, wato masu sharar ɗakin haihuwa da direbobin motar asibiti da masu tuƙa babur, a matsayin cikakkun mambobi, a lokacin da wasu daga cikinmu ke ganin ƙungiyar ta masu takardar shaida ce kawai. Ba mace ce mai sauƙin sha'ani a taro ba. Takan katse mai magana idan ya fara kewaye-kewaye, ta ce masa ya faɗi abin da ya zo faɗa, akwai masu naƙuda suna jira. Da yawa daga cikinmu ta taɓa yi mana haka, har da mai sa hannu a wannan takarda.

Ga yadda al'amarin ya faru, kamar yadda muka tattara shi daga bakin waɗanda aka yi a gabansu. A farkon watan nan, ayarin Hajiya Zakiyya yana aiki a Wuro Goni, wata ruga a bayan Kona, aka kawo mata wata matashiya mai suna Asta, mai tsohon ciki, jikinta zafi zau, tana zubar da jini. Babu lokacin ɗaukarta zuwa gari. Hajiya ta karɓi haihuwar a cikin bukka, tare da mataimakiyarta, Malama Jemima Yohanna. Jaririn bai zo da rai ba, uwar kuma ta cika kafin a samo mota. Malama Jemima ta shaida mana cewa safar hannun da ke cikin akwatin aikinsu a ranar gajera ce, irin wadda ake sawa don yin allura, wadda ba ta wuce wuyan hannu, kuma ɗaya ta yage ana cikin aikin. Doguwar safar da ke kaiwa gwiwar hannu, wadda kowace ungozoma ta san ita ce ta karɓar haihuwa, da rigar leda da gilashin kare ido, sun ƙare wa ayarin tun kafin kaka. Hajiya ta nemi a kawo su a taron ma'aikata fiye da sau ɗaya, a gaban shaidu, ana ce mata suna kan hanya. Abin da ya iso daga hedikwatar kamfanin a wannan tsakanin shi ne riguna da huluna masu tambarin kamfani. Malama Jemima ta ce da aka buɗe kwalin, Hajiya ta ɗaga hula ɗaya ta jujjuya ta, ta ce to madalla, sai mu riƙa tarbar jarirai da hula.

Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya kama ta. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, bai sauka ba. An yi na taifot, bai sauka ba. Ba mu zargi kowa a kan wannan, domin haka cutar take farawa, kuma ta sha ruɗar manyan likitoci. Da ciwon maƙogwaro da amai suka biyo baya, aka kwantar da ita a asibitin da kamfanin ke kai ma'aikatansa. A nan ne likitan kamfanin, Dakta David Bala, wanda mamba ne a wannan ƙungiya, ya haɗa zazzaɓin da labarin haihuwar Wuro Goni, ya ɗebi jininta ya aika gwaji, ya umarci ma'aikatan ɗakin su sa kayan kariya, sannan ya je da ƙafarsa ya gaya wa manajan kamfanin na Jalingo abin da yake zato. Wannan ya faru ne ranar Laraba, tana da rai. Dakta David ya nemi a mayar da ita cibiyar da ake killace masu cutar, a kuma sanar da iyalinta. Aka ce masa zato ba tabbaci ba ne, ya jira sakamako, kuma kada ya tayar wa mutane da hankali. A yammacin ranar aka tura shi rakiyar wani ayari zuwa Zing. Da safe ta rasu, aka miƙa wa iyalinta gawarta a cikin zanen gado kamar kowace gawa, babu wanda ya ce musu uffan.

Muna so jama'a su tsaya a kan wannan gaɓa. Duk wanda ya yi aikin lafiya a jihar nan na rani ɗaya ya san cewa gawar wanda ake zaton Lassa ce ta yi ajalinsa ba a miƙa ta haka. Akwai jami'ai da aka horar, maza da mata, Musulmi da Kirista, waɗanda ke shirya ta cikin mutunci, a yi mata sallah, a rufe ta, ba tare da an jefa kowa cikin haɗari ba. Kiran waya ɗaya ya isa a kawo su. Manajan da aka gaya wa zaton tun ranar Laraba ya halarci jana'izar. Ya tsaya a sahu, ya yi sallah, ya yi wa Alhaji Mahadi gaisuwa hannu biyu, yana sane da cewa a cikin gidan akwai tsofaffin mata da suka gama wanke ta da hannu tsirara.

Ɗaya daga cikin matan biyu da aka samu ta gaya wa jami'an lafiya cewa sun ga jini a bakin marigayiyar da hancinta lokacin wankan, suka dubi juna, sai Inna Hajaratu ta ce musu abin da mai wanka ta gani amana ne, a nan yake mutuwa. Suka yi shiru, kamar yadda aka koya musu tun suna 'yan mata. Ba su yi laifi ba ko kaɗan. Sun riƙe amanar da aka san masu wankan gawa da ita, kuma da ita ce kowannenmu yake fatan a rufa masa asiri ranar da ba zai iya rufa wa kansa ba. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne wannan kyakkyawar ɗabi'a tasu ita ce ta taimaki masu ɓoyewa. Kamfanin ya san mutanen Majidaɗi ba sa tambayar me ya kashe mutum, ya san masu wanka ba sa magana, ya kuma jingina da hakan.

Sakamakon gwajin ya fito ranar Asabar. Jami'an lafiya masu bin sawun cutar suka je ofishin kamfanin a ranar suna neman a gaya musu inda marigayiyar ta yi aiki da waɗanda suka yi jinyarta, aka ce musu sai an samu izini daga hedikwata, kuma ofis ba ya aiki sai Litinin. Amma ofishin da ba ya aiki ya samu sukunin fitar da sanarwar ta'aziyya ranar Lahadi, da hoton Hajiya sanye da rigar kamfani, aka karanta ta a rediyo, aka yaɗa ta a wayoyi, tana cewa jarumar ma'aikaciyarsu ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Sun rubuta wannan jimla suna riƙe da sakamakon. Dakta David ne, da ya dawo daga Zing ranar Litinin ya ga babu abin da aka yi, ya wuce kai tsaye gidan makoki, ya ja Alhaji Mahadi gefe ya gaya masa, sannan ya kai jami'an lafiya gidan da kansa. A yammacin ranar aka dakatar da shi daga aiki, bisa zargin tona sirrin majiyyaci.

Sirrin majiyyaci abu ne da muka yi rantsuwa a kansa, kuma ba ma wasa da shi. Amma sirrin Hajiya Zakiyya nata ne da na iyalinta, ba kadarar kamfani ba ce. Ba a ɓoye wa miji abin da ya kashe matarsa da sunan kare sirrinta, alhali shi ne ya riƙa share mata amai. Ba a ɓoye wa 'yarta, Malama Saliha, wadda ta wanke zannuwan da ta kwanta a kai. Da aka gaya wa Alhaji Mahadi, bai nemi a rufe ba. Abin da ya ce wa wakilanmu shi ne matarsa ta ƙare rayuwarta tana bin mutane gida-gida tana gaya musu sunan ciwonsu, ba zai yarda a binne ta da ƙarya ba, mu faɗa a rediyo, mu faɗa a masallaci, duk wanda zai guje shi a kasuwa ya guje shi.

Ba mu san abin da ke zuciyar shugabannin Garkuwar Karkara ba, kuma ba za mu yi iƙirarin sani ba. Mun dai san cewa masu ɗaukar nauyin aikinsu za su zo duba shi a wata mai zuwa domin sabunta yarjejeniya, mun kuma san cewa labarin ungozomar da ta kamu da Lassa saboda rashin safar hannu ba ya cikin abin da ake son baƙi su ji. Mun nemi jin ta bakinsu kafin fitar da wannan sanarwa. Manajan ya ce ba shi da hurumin magana, hedikwata kuma ta ce tana nazari. Jama'a su yi wa abin fassarar da suka ga ta dace.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi wani abu kuma. Mu ma'aikatan kamfanoni ne, kuma ba ma jin kunyar hakan. A ƙauyuka da yawa na jihar nan, firij mai aiki da hasken rana da ke ajiye allurar rigakafi kamfani ne ya kai shi. Kwalekwalen da ke tsallaka Binuwai da maganin saran maciji, da babur ɗin da ke kai gwajin zazzaɓi inda mota ba ta shiga, da wayar da ƙaramar ma'aikaciya ke kiran likita da ita idan haihuwa ta zo da gardama, duk aikin kamfanoni ne, kuma shi kansa Garkuwar Karkara yana da rabonsa a ciki. Mata da yawa suna raye yau saboda motarsa ta iso. Tun da labarin nan ya fita, wasu kamfanoni biyu sun ba jami'an lafiya aron motocinsu da kayan kariya ba tare da sun nemi a ambaci sunansu ba, kuma mun gode musu. Sai dai duk wannan aiki a kan yarda yake tsaye. Shekaru Hajiya Zakiyya ta yi kafin matar ruga ta amince ta miƙa mata hannu. Idan mutanen karkara suka fahimci cewa masu farar mota suna sanin cuta su yi shiru, ba Garkuwar Karkara kaɗai za su rufe wa ƙofa ba, dukkanmu za su rufe wa, har da masu rigakafin yara, kuma ba za mu iya cewa ba su da gaskiya ba.

Ardon Wuro Goni, da jami'an lafiya suka isa gare shi daga baya suka yi masa bayani, ya dakatar da tashin da mutanensa ke shirin yi zuwa fadama da shanunsu, ya ce babu mai motsawa sai an gama duba kowa, ko da ciyawa za ta ƙare. Muna yi masa godiya, muna kuma yi masa, shi da mijin Asta da iyayenta, ta'aziyyar da babu wanda ya yi musu a rediyo.

Saboda haka, ƙungiya tana neman kamfanin Garkuwar Karkara ya janye sanarwarsa ta ranar Lahadi, ya fitar da ta gaskiya a gidajen rediyon da aka karanta ta farko, da Hausa da Fulatanci da Mumuye, ya kuma mayar da Dakta David Bala bakin aikinsa ba tare da wani sharaɗi ba. Mambobinmu da ke aiki a kowane kamfani ba za su sake fita aikin karɓar haihuwa ba sai akwatinsu yana ɗauke da doguwar safar hannu da rigar leda da abin kare ido, kuma ƙungiya za ta tsaya wa duk wanda aka tsangwama a kan haka. Mun samu gayyatar kamfanin zuwa taron karrama marigayiyar da yake shiryawa, inda aka ce za a sa wa wata motar asibiti sunanta. Iyalinta sun ce ba za su je ba, mu ma ba za mu je ba. Muna kira ga hukumomin da abin ya shafa su binciki abin da ya faru tsakanin Laraba da Litinin, kuma shaidunmu a shirye suke.

Ga sauran jama'a, musamman ɗimbin waɗanda suka halarci jana'iza da zaman makoki, muna roƙon a kwantar da hankali. Wanda ya tsaya a sahu, ko ya gaisa da iyalin, ko ya ci abincin sadaka, ba shi ake nema ba. Cutar tana bin jini da amai da fitsari da sauran ruwan jikin wanda ya riga ya kwanta, kamar yadda take bin abincin da ɓera ya yi wa fitsari. Waɗanda ake nema su ne waɗanda suka yi jinyarta, ko suka taɓa gawar, ko suka wanke kayan da ta kwanta da su. Ana lura da irin waɗannan ne tsawon mako uku, a gidajensu, ana auna zafin jikinsu, kuma idan zazzaɓi ya taso aka fara magani da wuri, mafi yawa suna warkewa. Jinkiri ne yake kisa. Malama Jemima da Malama Saliha da Alhaji Mahadi duk suna cikin waɗanda ake lura da su, kuma zuwa yau lafiyarsu ƙalau. Mun ji an fara ƙaurace wa shagon Alhaji a kasuwa, an kuma hana jikokin gidan shiga makarantar allo. Wannan zalunci ne a kan mutanen da suka zaɓi faɗin gaskiya don kare unguwarsu, kuma muna roƙon Mai Unguwa da limamai da shugabannin coci-coci da na kasuwa su tsawatar.

A madadin Shugabar ƙungiya, Hajiya Bilkisu Hamman, da 'yan majalisar zartarwa, da dattawan ƙungiya, da ɗaukacin mambobinmu Musulmi da Kirista, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alhaji Mahadi Maishanu, da Malama Saliha da ƙannenta, da jikoki, da dangin marigayiyar na nan Jalingo da na Zariya, da al'ummar Majidaɗi, da matan ƙauyuka da rugage waɗanda za su zo kasuwa su tarar babu rumfarta. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta mata, Ya karɓi aikinta, Ya sanya ciwon da ta sha ya zama kaffara a gare ta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Allah Ya ba iyalinta haƙuri da juriyar wannan rashi da na abin da ya biyo bayansa, Ya tsare lafiyarsu da ta duk wanda ya taɓa ta, Ya kuma kyautata namu ƙarshen.

Saura maganar Inna Hajaratu. Mun ambaci sunanta ne da izinin ɗanta, Malam Buba, wanda ya roƙe mu da mu yi hakan. Ta tafi ranar Juma'a wurin 'yarta da ta haihu, domin ta yi mata wankan jego. Mijin 'yar masunci ne, kuma a wannan lokaci na rani suna zaune ne a kan yashin Binuwai, a tsallaken Lau, suna sauya tunga gwargwadon inda kifi yake, inda waya ba ta shiga. Malam Buba ya je tungar da ya sani ya tarar sun tashi. Dattijuwa ce doguwa, baƙa, tana ɗingisa ƙafar hagu, kuma duk inda ta zauna takan sa a san daga Majidaɗi take. Muna roƙon sarkin ruwa da masu kwalekwale da 'yan acaɓar Lau da matan da ke saro kifi, duk wanda ya ji wannan sanarwa ya san inda mai jego daga Jalingo take a kan yashi, ya kai mata saƙon nan yau, ko ya sanar da asibiti mafi kusa, ko ofishinmu da ke bayan Kasuwar Jalingo. Motarmu tana Lau tun jiya da ma'aikata biyu, kuma za ta zauna a can har sai an same ta.

Inna, idan wannan ya iso gare ki: babu wanda ke tuhumarki da komai, kuma babu wanda zai kama ki. Kin yi wa 'yar'uwarmu abin da ya kamata, mu ne aka hana mu yi miki abin da ya kamata. Mun tambayi malamai, sun ce faɗin abin da zai ceci rai ba cin amanar mamaci ba ne, kuma maigidanta da kansa ya yafe miki wannan shirun. Muna roƙonki ki ba wata ta riƙa yi wa mai jego wanka, ki ajiye jaririn, ki ware ƙwaryar shan ruwanki. Idan kin ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, kada ki tsaya shan jiƙo, kada ki jira a yi suna. Ki sa a tsallako da ke Lau. Muna bakin ruwa.

Sa hannu:
Malam Aƙilu Auwal
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya na Kamfanoni Masu Zaman Kansu, Reshen Jalingo, Jihar Taraba